Tsuntsayen Gari a Lokacin Hunturu: Tarihin Adana Labarinsu a Ƙasar Matamaye

Garin Matamaye, wanda shi ne babban garin gundumar Kance a jihar Damagaram, yana ƙasa da kilomita 100 kudu maso yammacin birnin Damagaram, a kan hanyar da ta taso daga Takeita ta bi ta Ɗan Barto ta shiga ƙasar Daura, kuma yana tsakiyar ɗaya daga cikin yankunan da suka fi yawan jama'a da gonaki a Nijar. Masana sun yi rubutu a kan sarautun wannan yanki, da cinikin gyaɗarsa, da raken fadamunsa, da itatuwan gawo da suka cika gonakinsa, amma tsuntsayen da ke kwana su tashi tare da mutane a cikin gari ba su samu irin wannan kulawa ba. A tsawon shekaru fiye da 150 an bi hanyoyi uku wajen adana labarin tsuntsayen ƙasar Damagaram, wato maganar baka, da fatar tsuntsu da ake harbewa a busar, da hoto, kuma abin da tarihin hanyoyin nan yake nunawa shi ne cewa tsuntsun da aka fi gani shi aka fi mantawa da rubuta labarinsa, har sai ranar da aka waiwaya aka tarar ya yi ƙaranci.

Hunturu, wanda mutanen yankin suka fi kira ɗari, shi ne tsakanin ƙarshen Nuwamba da Fabrairu, lokacin da busasshiyar iska take kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara, wadda kaso mai yawa nata yake tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. A wannan lokaci an gama girbi, an kai dammunan hatsi rumbu, ƙananan tafkuna sun fara ƙafewa, ciyawar daji ta bushe, saboda haka abinci da ruwa sukan taru a inda mutane suke, tsuntsaye kuma su biyo su. Da hantsi, idan mata suna sussuka da shiƙa a bakin gari, kurciya da bardo sukan sauka bayan ƙaiƙayin da iska ta kwasa suna tsintar tsabar da ta zube, su ɗan tashi idan an ɗaga taɓarya, su sake sauka taku kaɗan daga inda suka bari. A bakin rijiya, inda ruwan guga yake kwaranya ya kwanta a sawun shanu, gwara da sauran ƙananan masu cin tsaba suna layi, balbela tana bin garke tana kama farin da kofato ya tayar, hasbiya tana kan soro, hankaka kuma yana kewaya juji da kasuwa. Wadda ba a gani ita ce shamuwa, domin takan zo ne gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari, ta tafi da kaka, ta bar sheƙunanta na kirare babu kowa.

Ma'ajiya ta farko, kuma mafi daɗewa, ita ce bakin jama'a. Manomi ya san zuwan shamuwa alama ce ta ƙaratowar shuka, kuma al'ada ta hana a taɓa ta ko a ɗebe ƙwanta, abin da ya sa take iya renon ƴaƴanta a saman tsakar gida. Yaro ya san tsuntsaye ta hanyar aiki, domin shi ake turawa gona da majaujawa ya kori jan baki idan gero ya fara ido, shi yake ɗana tarkon gashin wutsiyar doki, shi yake kiwon tattabaru a tsofaffin tukwanen da aka kafa a jikin katanga. Karin magana ma ya riƙe halayen tsuntsaye da kyakkyawan lura, kamar yadda ake cewa ungulu ba ta jewar banza, ko a kira hankaka mai da ɗan wani naka. Wannan ilimi yana da zurfi wajen hali da lokaci da amfani, sai dai ba ya riƙe adadi ko kwanan wata, kuma yana tafiya da masu shi: dattijo zai iya tabbatar da cewa a zamanin ƙuruciyarsa ungulaye sukan rufe rufin mahauta, amma ba zai iya cewa nawa ne ba, ko a wace shekara suka fara raguwa.

Mulkin gargajiya bai kafa doka domin tsuntsaye ba, amma ya kare mazauninsu. Ana ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, kuma a ƙarninsa ne ikon Damagaram ya kai ga ƙasashen kudu irin su Kance, ya tsananta hukunci a kan wanda ya sare gawo, saboda amfanin itacen ga ƙasar noma da dabbobi. A wannan ƙarni ne kuma tsuntsu ya fara shiga lissafin fatake, domin gashin jimina yana cikin manyan kayan da ayarin raƙuma yake ɗauka daga Damagaram zuwa Tarabulus, daga can ya wuce kasuwannin Landan da Faris. Darajar gashin ta kai har gwamnatin Afirka ta Kudu ta turo tawaga a 1911 ta zauna a Kano tana sayen jiminun da ake kawowa daga arewa, ta koma da fiye da 100 a 1912, shekara biyu kafin kasuwar ta rushe. Ke nan tsuntsun da ya fara samun shiga takarda shi ne mai kawo kuɗi, ba na tsakar gida ba.

Hanya ta biyu ta zo da Turawa. James Richardson ya sauka Damagaram a Janairun 1851, Heinrich Barth kuma a ƙarshen 1852, dukansu a tsakiyar hunturu, amma hankalinsu yana kan ciniki da siyasa da hanyoyi. Bayan Faransawa sun kama birnin a 1899, aka kuma shata iyaka tsakaninsu da Ingilishi a aikin da Kyaftin Tilho ya jagoranta ta ɓangaren Faransa daga 1906, sai hanya ta buɗe wa masu tattara halittu. Mafi shahara a cikinsu shi ne Kyaftin Angus Buchanan, mutumin Sikotilan, wanda ya taso daga Kano ya ratsa ƙasar Damagaram da Damargu a farkon 1920 har ya kai duwatsun Azbin, yana aiki ne domin gidan adana halittu na Lord Rothschild da ke Tring a Ingila. Tsarin aikin a wancan zamani shi ne a harbi tsuntsu da ƙananan harsasai don kada jikinsa ya lalace, a feɗe shi, a shafa wa fatar magani, a cusa auduga, sannan a ɗaura masa ƴar takarda a ƙafa mai ɗauke da wuri da rana. Masanin tsuntsaye Ernst Hartert ya yi nazarin abin da Buchanan ya kawo ya wallafa sakamakon a 1921, kuma da Rothschild ya sayar da tarin fatun tsuntsayensa, kimanin 280,000, ga gidan adana halittu na birnin New York a farkon shekarun 1930, sai mafi yawan irin waɗannan fatu suka ƙetare teku zuwa Amurka. Wannan hanya ta kawo abin da maganar baka ta rasa, wato wuri da kwanan wata, amma ta zo da nata gibin: mai tattarawa yana neman baƙon abu ne, wanda kimiyya ba ta riga ta raɗa wa suna ba, saboda haka kurciya ɗaya ko biyu sun ishe shi shaida, ba ruwansa da ko ɗari ne a garin ko dubu.

Hanya ta uku, wato hoto, ta daɗe kafin ta iya da tsuntsu. An bayyana fasahar ɗaukar hoto a Faransa a 1839, amma na'urorin farko suna da nauyi, suna buƙatar abin da za a ɗauka ya tsaya cik na tsawon lokaci, sharaɗin da tsuntsu ba ya cikawa. Sai a 1895 wasu ƴan'uwa biyu a Ingila, Richard da Cherry Kearton, suka fitar da littafi a kan sheƙunan tsuntsaye wanda aka ƙawata da hotuna zalla maimakon zane, kuma don su kusanci tsuntsu har sun yi amfani da saniyar bogi mai rami a ciki, mai hoto ya shiga ya ɓuya, dabarar da ta yi daidai da ta maharbin ƙasar Hausa da yake ɗaura kan burtu a goshi ya sunkuya ya tunkari namun daji. Da Buchanan ya dawo a 1922 ya taho da mai ɗaukar fim, T. A. Glover, suka tashi daga Kano suka ratsa Sahara har Aljeriya a 1923, aka nuna fim ɗin a Landan a 1924. Duk da haka abin da kyamarar baƙo take nema shi ne ayari, da fadar sarki, da ganuwa, da naman daji, tsuntsun gari kuwa sai dai ya faɗo cikin hoto bisa tsautsayi. Da sana'ar hoto ta kafu a garuruwan Nijar, wadda da yawa daga cikin masu ita na farko sun fito ne daga ƙasashen gaɓar teku, kamar Philippe Koudjina da ya yi suna a Yamai, aikinta ya tsaya ga hoton katin shaida da na biki da na sallah, domin fim kuɗi ne, wanki kuɗi ne, kuma babu mai biyan hoton hankaka.

A daidai wannan lokaci masana a Turai suna ta ƙoƙarin gano inda tsuntsayensu suke tafiya idan sanyi ya shigo. A 1822 an harbo wata farar shamuwar Turai a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, wadda har yau tana ajiye a jami'ar Rostock, kuma ta zama shaida cewa tsuntsaye suna ƙetare nahiyoyi. A 1899 wani malamin makaranta a Denmark, Hans Christian Mortensen, ya fara sanya wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, dabarar da ta bazu har aka riƙa tsintar irin waɗannan zobba a ƙauyukan Sahel. A yau an ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2 ne suke barin Turai kowace shekara su ƙetare Sahara, kuma da yawansu suna cin hunturu ne a ƙasashen da ke layi ɗaya da Matamaye. Muhimmancin yankin ya fito fili a 1969, lokacin da masu ƙidaya a Ingila suka tarar cewa wata ƙaramar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro, wadda masana suke kira Sylvia communis, ta ragu da kimanin kashi uku cikin huɗu a shekara guda, bincike kuma ya danganta hakan da farin da ya fara a Sahel a 1968. An gane asarar a Turai cikin watanni saboda akwai ƙidayar shekarar da ta gabata, alhali a ƙasar da tsuntsayen suka mutu babu ma'aunin da za a gwada. Ita ma shamuwa sai a farkon shekarun 2000 masu bincike daga Denmark suka ɗaura wa wasu na'urar da tauraron ɗan'adam yake bi a kudancin Nijar, aka ga cewa idan ta bar nan takan kai Tanzaniya har ma ta wuce kudu.

Abin da hoto mai kwanan wata zai iya yi wa tarihi ya bayyana a ƙasar Matamaye kanta, sai dai a kan itatuwa ne. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, manoman Magarya da Matamaye da Mirya sun koma barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna sassabe a kewayensa maimakon su tumɓuke shi, kuma wani nazari da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi a 2006 ya ƙiyasta cewa farfaɗowar ta shafi kimanin hekta miliyan 1 a gundumomin uku. Abin da ya gamsar da masu shakka shi ne kwatanta hotunan da jirgin sama ya ɗauka a 1975 da na tauraron ɗan'adam na shekarun 2000, aikin da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya yi fice a kai, inda aka ga fili ɗaya, a da fayau, yanzu cike da itace. Wannan canji ya shafi tsuntsaye kai tsaye, domin gawo yana da ɗabi'ar da ta saɓa wa sauran itatuwa: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, ya yi fure a farkon hunturu, saboda haka yana tara ƙwari da tsutsotsi a daidai lokacin da baƙin tsuntsaye suke isowa. Binciken da Leo Zwarts da abokansa na Holan suka yi a faɗin Sahel ya nuna cewa masu cin ƙwari suna taruwa a gawo da aduwa da dangin ƙaya, suna ƙaurace wa bedi, wato dogon yaro, wanda aka kawo daga Indiya a zamanin mulkin mallaka ya zama itacen inuwar kowane titi. Don haka tsuntsayen tsakiyar gari da na gonakin da ke bayan gari ba ɗaya ba ne, ko da tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce tafiyar ƴan mintoci ba.

Babu tsuntsun da ya nuna illar rashin adana shaida kamar ungulu. A da ita ce mai sharar gari, tana kan rufin mahauta da rassan kuka, tana tafiya a ƙasa tsakanin mahauta ba tare da tsoro ba, har yawanta ya sa ba wanda ya ga dalilin ƙirga ta. Masanin Faransa Jean-Marc Thiollay, wanda ya bi hanyoyin mota a Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙidayar tsuntsaye masu cin nama wajen 1970, ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004, ya tarar manyan ungulayen daji sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a wajen gandun daji, ungulun gari kuma ta ragu da kusan rabi. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ungulun gari a sahun halittun da ke gab da ƙarewa. Dalilan sun haɗa da gubar da ake zuba wa mushe don kashe karnuka da namun daji, da sauyin tsarin mahautai, da sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai, da kuma cinikin kai da ƙafa da ƙwanta a kasuwannin magungunan gargajiya, musamman a ƙetaren iyaka. A farkon 2014 wata farar ungulu da aka ɗaura wa na'ura a ƙasar Girka, aka raɗa mata suna Paschalis, tana cin hunturu a jihar Damagaram sai maharbi ya kashe ta, na'urar kuma ta ci gaba da aiko da saƙo daga cikin Nijeriya. An san ranar mutuwar wannan baƙuwa guda ɗaya, amma dubban ungulayen gida sun ɓace ba tare da an rubuta musu ko shekara ba.

Tattara bayanai a cikin ƙasa ya fara ƙarfi ne a ƙarshen ƙarni na 20. A 1988 mujallar Malimbus ta ƙungiyar masana tsuntsayen Afirka ta Yamma ta wallafa jerin tsuntsayen Nijar da Giraudoux da abokansa suka haɗa, sannan daga shekarun 1990 aka shiga ƙidayar tsuntsayen ruwa a kowane Janairu, aikin da ya taimaka aka san darajar tafkuna irin su Lasuri da Gidimuni, waɗanda daga baya suka shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi. Joost Brouwer, masani ɗan Holan da ya yi aiki a Nijar, ya kafa rumbun bayanan tsuntsayen ƙasar, wanda daga baya aka ɗora a intanet tare da hotuna, aka kuma faɗaɗa shi ya haɗa da Cadi da Burkina Faso. Yanzu an san nau'in tsuntsaye fiye da 500 a Nijar. Amma sauyi mafi girma ya biyo bayan shigowar wayar salula a 2001, domin da wayoyi masu kyamara suka yawaita, kuɗin fim da na wanki sun kau, kuma a karo na farko na'urar ɗaukar hoto ta koma hannun mutumin da ya san tsuntsun da sunansa da halinsa.

Hunturu shi ne lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki, kuma shi ne mafi wahala. Yawancin itatuwa sun kaɗe ganye, tsuntsaye sun taru a wurare sanannu, baƙi daga Turai sun iso, sanyin safiya kuma yakan sa tsuntsu ya kumbura gashinsa ya daɗe a reshe yana jiran rana. Hazo mara kauri yana tausasa haske ya kawar da baƙar inuwa, amma idan ya yi kauri yakan shanye launi ya mayar da sama fara fat, tsuntsun da ke kan wayar lantarki ya fito baƙi ƙirin, ga ƙura da ke shiga gilashin kyamara. Wayar hannu ba ta jawo abu mai nisa, saboda haka dabarar da ta rage ita ce ta maharbi: a zauna kusa da ruwa ko masussuka, rana tana bayan mai ɗauka, a daina motsi har tsuntsu ya saki jiki. Darajar irin wannan hoto ga tarihi ba ta rataya ga kyansa ba, ta rataya ne ga abubuwa uku da ya kamata su bi shi, wato sunan wurin, da ranar, da adadin tsuntsayen da aka gani, sannan a maimaita a wuri ɗaya kowace shekara.

Hanyoyi biyu na farko kowace ta riƙe rabin abin da ake buƙata: mutanen gari suna da sani ba su da rubutaccen lokaci, baƙi suna da lokaci da wuri amma sun kwashe shaidar zuwa ƙasashen da jikokin masu ƙasar ba sa iya zuwa. Hoton da ɗalibi ko mahauci ko mai lambu zai ɗauka a Matamaye yana iya haɗa biyun, ya kuma zauna a gida, idan makarantu da ma'aikatan gandun daji suka ɗauki nauyin tara shi da sunayen Hausa na tsuntsayen. Balbela da kurciya da hankaka suna da yawa a yau, kuma yawan nan ne dalilin da ya sa ya kamata a fara ƙirga su tun yanzu, domin ba a iya auna raguwar abin da ba a san adadinsa ba lokacin da yake da yawa.